An Sanar da Kawu Rasuwarsa

Yau da safe aka sanar da Kawuna rasuwarsa. Yana tsaye aka faɗa masa, a taga ta uku ta ofishin 'yan fansho, hannunsa ɗaya a kafaɗata, ɗayan riƙe da katin shaidarsa. Malamin da ke bayan tagar bai ko ɗaga kai ba. Ya leƙa kwamfuta, ya haɗiye lomar da ke bakinsa, ya ce, "Baba, ai kai ka rasu."

Kawu ya ce, "Ikon Allah. Yaushe?"

"Watan jiya."

"To, Allah ya jiƙana. An yi jana'iza?"

"Wannan ba sashenmu ba ne. Na gaba."

Kuma kada mai karatu ya ɗauka da sauƙi muka kai ga wannan albishir. Tun da sassafe nake layin mai da babur ɗina. Da farko akwai mai babu wutar da za ta tayar da famfo, da wuta ta zo kuma mai ya ƙare. A rediyon wani direba da ke gabana na ji Mai Girma Sarkin Yaƙin Alkawura yana cewa mai ya wadata har ana rasa inda za a zuba shi. Ban musa masa ba, don babba ba ya ƙarya, sai dai ya faɗi abin da bai faru ba tukuna. Na sayi rabin kwalba a bakin titi na ɗauko Kawu.

Bari in gabatar muku da mamacin. Yayan mahaifiyata ne, mai fenti, ya yi duk ƙuruciyarsa a ma'aikatar ayyuka yana rubuta alluna. In kun taɓa ganin allo a bakin wani fili mai ciyawa an rubuta za a gina gada, ko asibiti, ko kasuwar zamani, to akwai yiwuwar hannun Kawu ne. Yakan ce a duk ayyukan da aka ƙaddamar a zamaninsa, nasa ɓangaren ne kaɗai aka kammala a kan lokaci. Da ya yi ritaya aka ba shi takardar yabo, aka ce garatutinsa na nan tafe. Jikar da aka haifa masa a shekarar yanzu ta fi ni tsawo.

Abin da ya sa maganar ta wuce wasa shi ne ido. Yanar ido ce ta rufe wa Kawu idanu biyu, mutum sai ya yi magana yake gane shi. Likita ya ce aikin ba wani abu ba ne, a yaye yanar a sa masa gilashi, amma ya ce kada a bari ta daɗe, don akwai lokacin da ko an yi aikin ba zai amfana ba. Mutumin da ya ci abinci da ido da tsayuwar hannu yanzu ni nake karanta masa saƙon waya. Ina jin zafin wannan abu, ba zan ɓoye muku ba.

To garatutin fa? Ofis ya ce ba zai zuba kuɗi a asusun Kawu ba, don banki ya ce asusun ya yi barci. Banki ya ce asusun ya yi barci ne don an daɗe kuɗi bai shiga ba. Kawu ya tambayi yarinyar banki ko za a ɗan taɓa shi ya farka, ta ce sai ya kawo takarda daga ofis. Ofis ya ce ba ya ba da takarda sai bayan tantancewa. Tantancewa kuwa ibada ce da ake yi wa tsofaffi lokaci-lokaci: a tara su a rana, a ɗauki hotonsu, a dangwala yatsunsu, a tabbatar suna da rai, sannan a bar su su ci gaba da ƙoƙarin kasancewa da shi. Dole a yaba wa manyanmu a nan. Har ƙasar waje Ranka Ya Daɗe Daraktan Dawo Gobe ya kai tawagarsa don koyon yadda ake biyan tsofaffi haƙƙinsu, suka dawo da sababbin motoci da sabon fom.

A sabon fom ɗin ne aka ce kowane ɗan fansho sai ya buɗe adireshin imel, don ta nan za a riƙa sanar da shi. Na buɗe wa Kawu a wayarsa. Duk safiya sai ya miƙo mini ita ya ce, "Duba mini, ko sun yi magana." Ba su taɓa yi ba. Har ranar da saƙo na farko ya faɗo.

Na karanta masa a bakin shagon Mai Aski, inda muke zama da yamma da shi da Tela. Saƙon ya buɗe da, "Zuwa ga mai girma, mai daraja, amintaccen dattijo." Ya gaishe shi, ya gaida iyali. Mai saƙon ya ce shi barista ne a wata ƙasa, lauyan wani injiniya attajiri da ya rasu a haɗari shi da matarsa da 'ya'yansa, bai bar magaji ba. Ya bar miliyoyin daloli a wani asusu da ya yi barci. Sunan mahaifin injiniyan ya yi kama da sunan mahaifin Kawu. In ba a samu magaji da wuri ba, hukumar can za ta haɗiye kuɗin.

Kawu ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ashe ba nawa kaɗai ke barci ba."

Na ce, "Kawu, ɗan damfara ne. Dubban mutane yake aika wa wannan wasiƙa."

"Na sani. Wa zai kira ni mai girma in ba da wata manufa ba? Amma mutum ya gaishe ka, ka amsa. Rubuta masa lafiya lau, mun gode."

Na rubuta. Ban ƙarasa mayar da wayar aljihunsa ba amsa ta dawo. Mai Aski ya tsaya da almakashi a hannu, don a unguwarmu ba a taɓa ganin an rubuta wa wani ofis ya amsa a shekarar ba, balle a yinin. Barista ya yi godiya, ya yi addu'a, sannan ya ce abu ɗaya ya rage, ɗan kuɗin buɗe fayil.

A nan ne Kawu ya gyara zama. "Me ya ce?"

"Kuɗin buɗe fayil."

"To ashe abin na gaske ne."

Jama'a, ku tsaya ku fahimci wannan wuri, don a nan duk matsalar take. Miliyoyin ba su ruɗi Kawu ba, daɗin baki ma bai kama shi ba. Abin da ya gamsar da shi shi ne an nemi ya biya kafin a ba shi abin da aka ce nasa ne. Wannan ita ce alamar aikin hukuma da ya sani tun yana saurayi. Ba Barista ya koya masa ba, ya tarar da shi a koye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bango ba ɗan damfara ya tsaga shi ba.

Na ce ni hannuna ba zai rubuta komai ba daga nan. Ban san Kawu ya canja sakatare ba. Tela, wanda aka yi wa alkawarin sabon keken ɗinki in kuɗi suka sauka, shi ya karɓi aikin karatu da rubutu a bayan idona. Aka biya kuɗin fayil. Aka biya na hatimi. Sai Barista ya rubuto cewa manajan banki ya yi tafiya, a jira ya dawo. Tela ya ce ranar Kawu har murmushi ya yi, ya ce, "Ka ji ko? Oga ya yi tafiya. Ɗan damfara zai san wannan?" Da manaja ya dawo, fayil ya ɓata. Aka biya na nemo fayil. Tsanin Kawu na ƙarfe, wanda ya hau ya rubuta rabin allunan garin nan, a wannan zagayen ya tafi.

Ranar da na ga babu tsani a jikin bango na same shi a ɗaki. Na ce, "Kawu, don girman Allah, ka bar mutumin nan. Ɓarawo ne."

Ya ce, "Zauna, ɗan nan. Ofis sun karɓi kuɗin fom a hannuna?"

"Sun karɓa."

"Na hoto? Na hatimi? Na ɗauko fayil daga ɗaki zuwa ɗaki?"

"Duk sun karɓa."

"Sun ba ni wani abu?"

"Ba su ba ka ba."

"Shi ma bai ba ni ba. Zuwa nan kunnen doki suke. Amma shi ba ya sa ni tsayuwa a rana, ba ya ce mini na gaba, kuma duk wasiƙa sai ya tambayi yaya idon. Kai ne mai boko. Faɗa mini yadda zan gane ɓarawon a cikinsu."

Shekaru ina rubuta wannan shafi a jarida ina ba manya amsa, ranar tsoho makaho ya ƙure ni a ɗakinsa.

Inna, matar Kawu, ita ta kawo ƙarshen zancen. Akwai gwangwanin madara da take ɗan jefa abin da ya samu daga sayar da ƙanƙara, tana tarawa saboda aikin ido, tunda ta daɗe da cire rai daga garatuti. Wata rana ta ɗaga gwangwani ta ji shi sakayau. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kira kowa ba. Da lokacin cin abinci ya yi sai ta ajiye masa gwangwanin a gabansa a maimakon kwano, ta koma ta zauna. Kawu ya laluba, ya ɗauka, ya girgiza. Ya daɗe riƙe da shi. Daga baya ya ce a kira masa ni, ya miƙo mini wayar ya ce, "Ka rufe masa ƙofa."

Barista ya ci gaba da aiko gaisuwa na ɗan lokaci, sannan ya yi shiru. Abin da ya fi ba ni haushi, Kawu ya yi kewar gaisuwar. Ya taɓa ce mini, "Ɓarawo ne, amma yana da tarbiyya."

Daga nan majalisar bakin shagon Mai Aski ta zama makarantar gane 'yan damfara. Tela, da ya tuba, shi ya fi kowa zaƙewa. Muka zauna muka fitar da alamomi. Duk saƙon da ya gaishe ka da ladabi, ka kiyaye. Duk wanda ya ce kuɗinka na jiranka, ka kiyaye. Duk wanda ya ce ka hanzarta kafin lokaci ya ƙure, shi ne uban tafiyar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, mu kuwa unguwa guda aka sara.

Sai ga wani saƙo watan jiya. Na karanta wa majalisa da ƙarfi. Ya ce daga ofishin 'yan fansho yake. Ya gaida Kawu da cikakken sunansa. Ya ce suna ba shi haƙuri a kan jinkirin da aka yi masa na shekaru. Ya ce garatutinsa ya fito, ya zo ranar Talata da katinsa a biya shi hannu da hannu, ko asusunsa na barci ko yana farke. Ya ce ba a biyan ko sisi, kuma duk ma'aikacin da ya nemi wani abu a kai ƙararsa. Ya rufe da cewa wanda bai zo ba har ƙarshen wata za a rufe fayil ɗinsa.

Mai Aski ya yi dariya har sai da ya ajiye reza. Ya ce, "Haƙuri. Ofis ne yake ba da haƙuri. Ai ko yaro ya san wannan ba muryar hukuma ba ce."

Tela ya ce, "Ni inda na kama su shi ne ba a biyan komai. Sun ga an gane dabarar kuɗin fayil, sun sake salo. Ka je can su ce ka miƙo katinka, shi ke nan."

Mai Aski ya ce, "Kuma har da sa rana. Ranar Talata. Ka taɓa jin ofis ya faɗi rana da sunanta? Ofis gobe yake cewa."

Kawu ya tambaye ni, "Sun ce oga yana gari?"

Na ce, "Ba su ambaci tafiya ba."

Ya girgiza kai. "Ba su iya ba ma. Wancan ya fi su ƙwarewa. Goge."

Babu wanda ya ja da wannan hukunci, har da ni mai shafi a jarida. Na goge, na kuma toshe adireshin don kada su dame shi. Mai Aski ya yi wa Kawu aski kyauta saboda murnar ya yi hankali.

To yau da muka je bin sawun garatuti kamar yadda muka saba, sai aka yi mana ta'aziyya a taga ta uku. Muka ja jiki zuwa ta biyar, inda wata ma'aikaciya mai ɗan sauran imani take zama. Ita ta warware mana. Ta ce wani sabon shugaba aka kawo musu kwanakin baya, mutum mai gaggawa, bai tsaya ya koyi yadda ake aiki ba. Ya ce a biya kowa, a ba kowa haƙuri, shi da kansa ya tsara saƙon. Aka shirya kujeru da rumfa har da ruwan sha. Ta ce ranar Talatar kujerun ne suka fi mutane yawa, don galibin tsofaffi sun goge saƙon. Waɗanda suka zo an biya su, yawancinsu waɗanda ba su da mai ba su shawara ne.

Na ce, "Ranki ya daɗe, shugaban yana ciki? Mu gan shi mu yi masa bayani."

Ta ce, "An ɗauke shi. An ce yana ɓata tsari."

"Waɗanda ba su zo ba fa?"

"Kwamiti ya zauna ya ce duk wanda aka kira ya karɓi kuɗi bai zo ba, to babu shakka ya rasu. An mayar da kuɗinsu asusun dukiyar da ba ta da magada."

Ni dai a nan dole in cire hula ga kwamiti, don hujjarsu ta fi ƙarfina. Ta ƙara da cewa kada Baba ya damu, akwai hanyar dawowa duniya. Zai sayi fom ɗin shaidar rai. Zai kawo hoto sabo, da takardar banki cewa asusunsa ya farka, da rantsuwar kotu cewa shi ne shi. Akwai ɗan kuɗin buɗe sabon fayil, tunda an rufe tsohon. Sai kuma sa hannun Yallaɓai, amma Yallaɓai ya yi tafiya.

Kawu ya saurare ta har ƙarshe, yana gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Yauwa, 'yar nan. Yanzu na ji magana. Da haka kuka rubuto mini tun farko ai da na zo."

A hanyar dawowa rabin kwalbar ta ƙare, babur ya yi tari ya tsaya. Na sauka ina turawa, Kawu na biye da ni riƙe da kafaɗata. Ban yi masa zancen likita ba, shi ma bai yi ba. Mun dai san watan da likita ya ce kada a wuce, kuma mun san fom ɗin shaidar rai ba ya sauri. Inna ta fara jefa wani abu a gwangwani daga farko, amma ƙanƙara sai da wuta, wuta kuma kun san halinta.

Da muka zo wajen wani fili da aka kewaye da kwano, Kawu ya ja ya tsaya. Ya ce, "Nan ne kwanar da ke da allona, ko?" Na ce nan ne. Na kai hannunsa jikin allon, ya shafa haruffan ɗaya bayan ɗaya, ya kai fuskarsa kusa har hancinsa na taɓa ƙarfen, ya janye. Ya ce, "Karanta mini."

Na karanta masa: aikin gina sabon asibitin ido, za a kammala cikin wata shida. A bayan kwanon awaki ke kiwo.

Ya ce, "Fentin ya koɗe?"

Na ce, "Bai koɗe ba, Kawu. Kamar jiya ka rubuta."

Ya ce, "To madalla. Ni dai na yi nawa." Ya mayar da hannunsa kafaɗata muka ci gaba da tafiya.

Saboda haka, mai karatu, in wata rana ka buɗe wayarka ka ga wasiƙa daga wani barista cewa wani tsohon mai fenti ya rasu bai bar magaji ba, kuɗinsa na nan kwance a asusu suna jiran mai rabo, kada ka yi saurin cewa ƙarya ce. Wannan karon labarin gaskiya ne, har akwai shi a kwamfuta. Sai dai kada ka biya kowa kuɗin buɗe fayil. Mamacin yana nan bakin shagon Mai Aski kullum da yamma, kuma in ka gaishe shi yana amsawa.